Hoton Bazara da Fita Yawo a Ƙauyen Ingila Cikin Littafin Cider with Rosie na Laurie Lee

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar rubutun tarihin kai da yadda ya sha bamban da ƙagaggen labari. A wannan babi kuwa za a ɗauki littafi guda, watau Cider with Rosie na Laurie Lee, wanda aka buga a Landan a 1959, domin a duba yadda marubucin ya zana rayuwar bazara da fita yawo da sauran abubuwan da kan faru a ƙauyensu. Ma'anar sunan littafin ita ce shan giyar tuffa tare da Rosie, kuma za a ga dalilin wannan suna a gaba.

An haifi Laurie Lee a garin Stroud da ke gundumar Gloucestershire a ranar 26 ga Yuni, 1914, ya rasu a 1997. Yana ɗan shekara uku mahaifiyarsa ta koma da su Slad, wani ƙaramin ƙauye cikin kwari, kimanin mil biyu daga Stroud. Mahaifinsa ya tafi Landan aiki bai sake dawowa zama da su ba. Ya bar matar da 'ya'yanta da kuma waɗanda ya haifa da matarsa ta fari, su takwas a gida ɗaya, ana biyan hayar sule uku da sisi a mako. Littafin yana da babi 13, amma wannan nazari zai fi tsayawa a kan na 8 da na 11 da na 12, inda bazara ta fi fitowa.

Abin da ake son tabbatarwa shi ne, bazarar da ke cikin littafin nan ta yaro ce wanda bai san inda abinci ke fitowa ba, kuma tafiyar shaƙatawar da marubucin ya fi ƙawatawa ita ce ta fi nuna cewa ƙauyen da yake kuka a kansa ya riga ya soma watsewa. Wannan yana da muhimmanci domin akan karanta littafin tamkar shaidar tarihi a kan yadda mutanen karkarar Ingila suka rayu bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya.

3.1 Matsalar Kalmar Bazara

Kafin a shiga nazarin ya kamata a warware wani ruɗani. Idan Bahaushe ya ji bazara, abin da kan zo masa a rai shi ne zafin watan Maris zuwa Mayu, da ƙishirwa, da ƙafewar rijiyoyi, da sharar gona ana zuba ido a ga hadari. Lokacin da ake fassarawa da bazara a Ingila yana kamawa ne daga Yuni zuwa Agusta, watau daidai tsakiyar daminarmu. Lokaci ne na koren ganye da furanni, zafinsa bai cika wuce na safiyar Kano ba, kuma ruwa yakan sauka a cikinsa. Babban abin da ya bambanta shi da sauran lokuta shi ne tsawon yini. A ƙarshen Yuni yini a kudancin Ingila yakan haura awa 16, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, alhali a Kano yini mafi tsawo bai cika awa 13 ba. Mutumin da ya fito daga hunturu mai duhu da ƙanƙara yana ɗokin wannan lokaci kamar yadda manomi ke ɗokin kaka. An ci gaba da amfani da kalmar bazara a nan ne saboda ita aka saba ji a gidajen rediyo, sai dai a riƙa tunawa da wannan bambanci.

3.2 Bazara a Idon Yaro

Littafin ya buɗe ne da bazara. An sauke yaron daga keken doki ranar da suka iso Slad, ya tsinci kansa cikin ciyawar watan Yuni wadda ta fi shi tsawo, ya ruɗe ya fashe da kuka har yayyensa mata suka zo suka ɗauke shi, suka lallashe shi da 'ya'yan itace. Wannan buɗewa ita ce mabuɗin salon littafin baki ɗaya. Marubucin ya sauko da idon mai karatu ƙasa, daidai tsawon ɗan shekara uku, ta yadda ciyawa ta zama daji, ƙwaro ya zama abin tsoro. Kambamawar da ke cikin wannan wuri tana da hujja, domin haka abin yake ga yaro.

A babi na 8 ya yi wata dabara ta zubi. Maimakon ya bi shekaru ɗaya bayan ɗaya, sai ya tattara dukkan hunturun ƙuruciyarsa ya mai da su yini guda, ya yi wa bazara haka ita ma. Yinin bazarar ya soma daga farkawa da hasken tafki yana rawa a rufin ɗaki, ya bi ta zaman yara a bakin hanya zafi ya kashe masu jiki, da wasa wajen abokansu a ƙetaren kwari, da fita cin abinci a daji da mahaifiyarsu kan shirya da tarkacen kaya masu yawa, ya ƙare da wasan farauta a farin wata, inda yara biyu ke gudu cikin daji sauran na binsu da kira. Duk wanda ya yi wasan ɓuya a dandali daren sha huɗu ga wata zai gane wannan wuri ba tare da an yi masa fassara ba.

Amfanin wannan dabara shi ne ta ba marubucin damar tace abin da ba ya so. A cikin yinin nan guda babu ranar da ruwa ya wuni yana zuba, babu ranar gundura. Shi kansa ya amsa tun farkon babin cewa yanayin ya zama haka ne a cikin tunaninsa na yaro. Wani abin lura kuma shi ne, kusan babu aiki a cikin wannan bazara. Bazara ita ce lokacin da ya fi kowane wahala ga ɗan ƙodagon gona a Ingila, daga yankan ingirici a Yuni da Yuli zuwa girbin alkama a Agusta, tun fitowar rana har faɗuwarta, ga shi an ga tsawon yinin. A littafin ana hango masu wannan aiki ne daga nesa, kamar ado a jikin tudu. Ko a babi na 12, inda Laurie da yayansa Jack suka tafi gona taya yankan ingirici, aikin bai daɗe ba. Wata yarinya mai suna Rosie ta ja shi ƙarƙashin keken ɗaukar ciyawa da tulun giyar tuffa, nan suka ƙarasa yinin, kuma daga nan littafin ya sami sunansa. Marubucin ya yi amfani da tuffa a matsayin alamar fita daga ƙuruciya, yana ishara da labarin Adamu da Hauwa'u yadda Turawa suka saba ba da shi. Wannan alamtarwa ta zauna daidai, amma ana cikinta mai karatu ya manta da mutanen da ke can cikin rana da cokulan kwasar ciyawa a hannu.

Duk da haka ba za a ce marubucin ya rufe ido gaba ɗaya ba. A babi na 2 ya kawo farin da aka yi a 1921, wanda yake sananne a tarihin yanayin Ingila. Maɓuɓɓugai suka ƙafe, aka yi addu'o'i a coci, daga ƙarshe, in ji shi, sojoji suka hau tuddai suna harbin gajimare da bindiga. Da ruwan ya zo sai ya zo da ambaliya, kuma da yake gidansu a gindin gangare yake, mahaifiyarsu ta riƙa tashinsu cikin dare suna kore ruwa daga ɗakin girki da tsintsiya. A ganina wannan ita ce bazarar da ta fi gaskiya a littafin, sai dai ya ajiye ta nesa da babi na 8 don kada ta ɓata masa hoton.

3.3 Fita Yawo: Tafiya Weston-super-Mare

Babi na 11 ya ƙunshi bukukuwa da tafiye-tafiyen shekara. Ya soma da bikin ranar zaman lafiya, wanda aka yi a duk faɗin ƙasar a watan Yulin 1919. Mutanen Slad suka yi shigar ban dariya suka yi jerin gwano zuwa gidan attajirin ƙauyen mai filaye, wanda yake kamar uban ƙasa a gare su, shi kuma Laurie aka yi masa shigar John Bull, watau mutumin nan mai tumbi da akan zana a matsayin alamar Ingila. Sannan akwai tafiyar ƙasa da iyalin suka yi zuwa Sheepscombe wajen dangin mahaifiyarsu. Waɗannan an ba da su a taƙaice. Inda marubucin ya zuba ƙarfinsa shi ne tafiyar shekara-shekara ta ƙungiyar mawaƙan coci.

Ya bayyana cewa a da mawaƙan kaɗai ke zuwa, a keken gona, kuma ba su wuce birnin Gloucester. Da aka sami doguwar motar nan mai buɗaɗɗen sama da bencina a jere, wadda Turawa ke kira sharaban, sai tafiyar ta zama ta kowa da kowa. A shekarar da ya zaɓa ya ba da labarinta an nufi Weston-super-Mare ne, wani garin shaƙatawa a bakin teku, kimanin mil 50 daga Slad. Aka yi sammako, aka cika motoci, aka bar ƙauyen kusan babu kowa.

Abu na farko da ya kamata a lura da shi a nan shi ne wakilin suna. A mafi yawan littafin marubucin yana magana ne da bakin mutum ɗaya, amma a wannan tafiya ya koma jam'i, ƙauyen gaba ɗaya ya zama tauraro guda mai ido ɗaya da ciki ɗaya. Wannan ya yi daidai da jigon da yake son isarwa, cewa a wancan zamani mutanen ƙauye abu guda ne. To amma labarin da ya bayar da kansa ya ƙi bin wannan jigo. Da isarsu sai jama'ar ta tarwatse. Maza suka nufi mashaya, tsofaffi suka nemi wurin zama, yara suka ruga kan doguwar gadar nan da aka shimfiɗa cikin teku, inda ake da na'urorin da ake jefa wa kwabo su nuna abubuwan ban tsoro, har da yadda ake rataye mai laifi. Ba a sake haɗuwa ba sai da dare ya yi, aka koma gida ana waƙa yara na barci.

Abu na biyu shi ne teku. An yi watanni ana tara kuɗi don a ga teku, da aka je sai aka tarar babu shi. Wannan ba ƙirƙira ba ce. Mashigin ruwan Bristol, inda garin yake, yana cikin wuraren da teku ya fi cika da janyewa a duniya, kuma idan ya janye a Weston yakan yi nisan wajen mil guda, ya bar fili na taɓo. Marubucin ya ba da abin cikin raha, kuma wurin yana da ban dariya ƙwarai. Hausawa na cewa gani ya kori ji, su kuwa mutanen Slad sun je sun dawo da jin da suka tafi da shi. Amma ana iya karanta shi ta wata fuska. Wannan ne karo na farko a littafin da duniyar waje ta yi wa ƙauyen alkawari, kuma abin da suka samu shi ne taɓo da na'urar cin kwabo. Ko marubucin ya nufi haka ko bai nufa ba, hoton ya fi ƙarfin rahar da aka naɗe shi a ciki.

Abu na uku, wanda shi ne mafi muhimmanci, ita ce motar kanta. A babi na ƙarshe marubucin ya ce shi ganau ne ga ƙarshen rayuwar da ta yi shekara dubu, rayuwar da gudun doki, mil takwas a awa, shi ne iyakar tafiyar mutum. Ya ɗora alhakin rushewarta a kan mota da babur da bas, waɗanda suka kwashe matasa zuwa gari kallon silima da neman aure a nesa. Ke nan motar da aka yi wa kirari a babi na 11 ita ce aka kama da laifi a babi na 13. Wannan ba saɓani ba ne da za a ɗauka a matsayin kuskure. A ra'ayina nan ne littafin ya fi nuna gwaninta, domin ya bar mai karatu ya hau motar ya ji daɗinta tukuna, yadda in an zo ƙarshe ba zai iya zargin mutanen da suka bi ta ba. Wa zai ce wa matar da ta shekara tana jan ruwa da wanki da hannu kada ta hau mota ta je kallon teku, ko da taɓo za ta tarar?

3.4 Tsakanin Tunawa da Tarihi

Inda wannan nazari ya rabu da marubucin shi ne batun cewa mota ce ta buɗe ƙauye wanda yake a rufe tun zamanin da. Shaidar da ke rushe wannan magana tana cikin littafin. A babi na 4, da gari ya waye, yayyensa mata uku duk Stroud suke nufa ko kusa da shi: Marjorie kantin hulunan mata, Phyllis kantin takalma, Dorothy kuwa akawu ce a wata tsohuwar masaƙa. Harold ma a masana'anta yake. Stroud gari ne da ya yi suna ƙarnuka da dama wajen saƙar ulu, musamman jan yadin kayan soja. Gidan su Laurie bai dogara da gona ba ko kaɗan. Da albashin gari da ɗan abin da mahaifin ke aikowa daga Landan ake ci, kuma su kansu baƙi ne da suka zo ƙauyen da kayansu a keke. Doguwar bazarar da yaron ya more, yayyensa mata ne suka biya ta a bayan kanta.

Har ila yau, a shekarar nan ta 1921 da aka yi fari, gwamnatin Birtaniya ta soke dokar da ta tabbatar wa manoma farashin hatsi, ta rushe hukumar da ke ƙayyade ladan 'yan ƙodagon gona, ladan kuma ya faɗi. Wannan ya kori mutane daga ƙauyuka fiye da sha'awar silima, amma babu shi a littafin, domin ɗan shekara bakwai ba zai san da shi ba. Wanda ya rubuta littafin kuwa shekararsa 45, saboda haka barin batun zaɓi ne.

Raymond Williams a littafinsa The Country and the City na 1973 ya yi wata lura da ta dace da wannan wuri. Ya nuna cewa kowane zamani na marubutan Ingila yakan ce ingantacciyar rayuwar karkara ta ƙare ne jiya-jiya, a ƙuruciyar marubucin. In aka koma wancan lokacin sai a tarar na can ma suna nuni da baya, daga Thomas Hardy zuwa Oliver Goldsmith wanda ya yi kukan watsewar ƙauye tun 1770, har a dangane da Aljannar Adamu. Ana iya ƙara misalin Flora Thompson, wadda ta sa ƙarshen tsohuwar rayuwar a ƙauyensu na Oxfordshire wajen shekarun 1880, shekara arba'in kafin na Laurie Lee. Bahaushe ya taƙaita wannan da cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ba yana nufin babu abin da ya sauya a shekarun 1920 ba, sauyi ya auku kuma babba ne. Abin da ake shakka shi ne shekaru dubun da aka ce sun gabace shi ba tare da motsi ba.

Dole kuma a yi wa marubucin adalci a kan abubuwan da kan faru a ƙauyen. Bai ɓoye muninsu ba. A babi na 6 ya kawo labarin wani ɗan ƙauyen da ya dawo daga New Zealand da kuɗi yana fariya a mashaya, samari suka tare shi a hanya suka yi masa dukan da ya mutu cikin ƙanƙara, ƙauyen kuma ya haɗa baki ya ƙi gaya wa 'yan sanda komai. Ya kawo tsofaffin nan miji da mata da hukuma ta kai gidan gajiyayyu ta raba su ɗaki, baƙin ciki ya kashe su ba da jimawa ba. A babin Rosie ma ya faɗi yadda shi da abokansa suka shirya yi wa wata yarinya mai rangwamen hankali fyaɗe a daji, abin bai yiwu ba. Wanda ya ce littafin zuma ce zalla bai karanta waɗannan wurare ba. Matsalar ita ce murya. Da irin lallausan harshen da ya siffanta furanni ya siffanta wannan shiri na yaran, har ya kusa mai da shi wasan ƙuruciya, kuma ya yaba wa ƙauyen da yake kashe wutarsa da kansa ba tare da kotu ba. Haɗin kan da ya cika motoci zuwa Weston shi ne dai ya rufa wa masu kisan kai asiri. Marubucin ya ajiye abubuwan biyu a littafi ɗaya, amma bai taɓa haɗa su ya auna ba, ita kuwa yarinyar ba a ji ta bakinta ba.

Game da ingancin bayanai, marubucin ya yi gargaɗi a farkon littafin cewa tunawa ce ta ƙuruciya kuma mai yiwuwa lokaci ya jirkita wasu abubuwa. Misali, littafin ya sa zuwansu Slad a shekarar ƙarshe ta yaƙi, watau 1918, masu rubuta tarihinsa kuwa sun ce 1917. Wannan ƙaramin abu ne. Wanda ya fi shi shi ne maganar da ya yi cikin raha a bugun farko a kan gobarar da akan yi a wani kamfanin ƙera fiyano a Stroud, wadda ta sa kamfanin ya kai ƙara kan ɓata suna, aka sauya wurin a bugun da suka biyo baya. Wannan ya nuna cewa mutanen yankin sun karanta littafin a matsayin labarin gaskiya a kansu, ko da marubucin ya ɗauke shi waƙa ce cikin zube.

Shi kansa Laurie Lee ya bar Slad da ƙafa a 1934 yana ɗan shekara 19, da gogensa na Turawa, wata safiya ta tsakiyar bazara, kuma wannan tafiya ce ta zama littafi na biyu na tarihin rayuwarsa a 1969. Daga baya ya koma ƙauyen da zama, a nan aka binne shi a harabar coci, daura da mashayar Woolpack. Littafin ya sayu miliyoyi, an daɗe ana karanta shi a makarantun Birtaniya, an kuma mai da shi fim na talabijin a 1971 da 1998 da 2015. A 2014, cika shekara ɗari da haihuwarsa, aka buɗe wata hanyar yawon ƙafa da sunansa da ta zagaye kwarin. Yanzu idan bazara ta yi, mutanen birni ne ke shigowa Slad a mota don su ga ƙauyen da suka karanta.